Sauya inji da ƙara ƙarfi a tsofaffin motocin gudu

Sauya inji shi ne cire injin da kamfani ya ƙera mota da shi, a dasa mata wani na daban, galibi wanda ya fi girma ko ya fi sabunta. An fi yin wannan aiki ga tsofaffin motocin gudu marasa nauyi masu tuƙi da ƙafar baya, irin su Datsun 240Z, MGB, Mazda RX-7 da MX-5, da Porsche 914 da 944. Abin da ke jan hankali gare su shi ne rashin nauyinsu. Datsun 240Z, wadda ta fito a 1969, nauyinta bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba, kuma injinta na L24 mai lita 2.4 yana ba da ƙarfin doki kusan 150, wato kowane doki yana jan kilo bakwai. Idan aka dasa mata inji mai ƙarfin doki 345, lissafin ya koma kilo uku ga kowane doki, motar ta zama wata halitta dabam.

Dasa injin kansa shi ne ɓangare mai sauƙi. Kowane sashe na mota, daga kulochi zuwa birki, an auna shi ne da ƙarfin injin asali, saboda haka ƙarin ƙarfi yakan bi layi yana neman sashen da ya fi rauni ya karya shi.

Asalin al'adar

Al'adar ta samo tushe daga matasan Amurka da ke dasa injin V8 (mai silinda takwas) na Ford a tsofaffin ƙananan motoci kafin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa. A 1962 Carroll Shelby ya sa V8 na Ford a cikin AC Ace ta Ingila, aka sami Cobra. Kamfanin Rootes ya bi sahu a 1964 da Sunbeam Tiger. A Ingila kuma Ken Costello ya fara dasa V8 na Rover mai lita 3.5 a cikin MGB, kafin kamfanin da ke ƙera MGB da kansa ya fitar da MGB GT V8 a 1973. Wannan misali na ƙarshe yana da darasi: injin Rover na alminiyam ne, saboda haka duk da silindarsa takwas bai kai tsohon inji mai silinda huɗu na baƙin ƙarfe nauyi ba. Ƙarfi ya ƙaru, hancin motar bai yi nauyi ba.

Zaɓen inji

Injinan V8 dangin LS na General Motors su ne suka fi yaɗuwa. Na farkonsu, LS1 mai lita 5.7, ya fito a Corvette ta 1997 da ƙarfin doki 345. LS3 mai lita 6.2 ya zo a 2008 da 430. Sandar da ke buɗe bawul ɗinsu guda ɗaya ce kuma tana cikin gangar injin, shi ya sa kawunan silinda suke ƙanana, injin yake shiga wurin da ba a zata ba. Akwai 'yan'uwansa na manyan motocin kaya masu lita 4.8 da 5.3, sun fi araha, amma yawancinsu gangar baƙin ƙarfe ce mai ƙarin kusan kilo arba'in, kuma duk a kan tayoyin gaba nauyin zai sauka.

Daga Japan akwai 2JZ-GTE na Toyota, mai lita 3 da silinda shida a jere da turbo biyu (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), wanda ya shahara a Supra ta 1993 saboda gangarsa na jure matsi mai yawa. Akwai RB25 da RB26 da SR20DET na Nissan, da K20 da K24 na Honda. Masu silinda shida a jere dogaye ne. Suna zama daram a 240Z mai dogon hanci, amma a gajeriyar mota sukan tura nauyi gaba da aksul, motar ta riƙa ƙin shiga kwana. Ga mota irin MX-5, K24 mai silinda huɗu yakan fi dacewa, domin yana iya ninka ƙarfin doki 116 na asali ba tare da ya ɓata daidaiton gaba da baya ba. Masu RX-7 kuwa sukan koma LS ne don gajiya da sake buɗe injin rotari, mai ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa maimakon fistin, wanda ke cinye maƙallan da ke toshe kusurwoyin.

Kafin a biya kuɗin tsohon inji, a auna matsin kowace silinda. Bambancin da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi goma cikin ɗari. A cire kwanon baƙin mai a duba ko akwai garin ƙarfe mai ƙyalli, alamar metal ya ci, wato shimfiɗar ƙarfe mai laushi da karanshaf, babbar sandar inji, ke juyawa a kanta. A kuma saye shi da duk kayansa: wayoyi, kwamfutar inji, altaneta, kiksita, da fedar totur idan ta lantarki ce. Bin waɗannan ɗaya bayan ɗaya daga baya ya fi sayen injin wahala.

Zaunar da inji

Ana fara ne da duba bodi. Motar da ta shekara arba'in ko hamsin tsatsa takan ci dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashinta, da ƙasan wurin sa ƙafa, da inda shokazoba ke kamawa. Ana ƙwanƙwasa wuraren da guduma ƙarama. Inda ƙarfe ya yi kukan mutuwa ko ya lotsa, sai a yanke a yi waldar sabo. Dasa inji mai ƙarfi a kan ruɓaɓɓen shasi yana murɗe motar har ƙofofi su daina rufuwa daidai.

Daga nan sai a rataya inji da giyabos a haɗe, a shigar da su sau da yawa kafin a yi waldar kujerar inji. Ƙa'ida ita ce a tura shi baya iyakar iyawa, a kuma saukar da shi ƙasa, amma kada kwanon mai ya zama shi ne mafi kusa da titi. A bar tazarar aƙalla santimita biyu tsakanin inji da kowane ƙarfen bodi, domin inji yana karkata a kan robarsa idan aka taka totur. Wurare uku ne suka fi kawo cikas: sandar sitiyari da ke cin karo da bututun hayaƙi, ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji da ke taɓa kwanon mai, da murfin gaba da ke ƙin rufuwa.

Kwanon mai ya cancanci a tsaya a kansa. Wasu injina zurfin kwanonsu yana gaba, wasu yana baya, dole a zaɓi wanda ya kauce wa sitiyari, tare da bututun zuƙar mai da ya dace da shi. Bakin bututun yakan zauna kusan milimita takwas zuwa goma daga gindin kwano. Ana auna wannan ta hanyar ɗora ɗan curin yumɓu a bakin, a ɗaura kwanon, a cire a auna kaurin da ya lotse. Idan motar za ta riƙa shan kwana da gudu, sai an sa shingaye a cikin kwanon. In babu su, mai yana tarewa gefe guda, famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu ko uku, wannan kaɗai ya isa ya kashe metal ɗin karanshaf.

Daga kulochi zuwa taya

Abin da ke karya giya ba ƙarfin doki ba ne, ƙarfin murɗawa ne. Shi ya sa ake haɗa LS da giyabos ɗin T56 mai giya shida, wasu kuma su ɗauki CD009 na Nissan 350Z su haɗa ta faranti na musamman. Idan aka yi amfani da irin wannan faranti, a auna cewa tsakiyar giyabos ta dace da tsakiyar karanshaf. Kaucewar da ta wuce milimita 0.13 tana cinye boris, tana sa giya ta riƙa fita da kanta.

Furofela sai an yanka sabuwa an yi mata balas. Nan ne masu aiki da yawa ke kuskure. Layin giyabos da layin hancin aksul na baya dole su karkata iri ɗaya ba tare da sun hau layi guda ba, kusurwar kowace mahaɗa ta kasance tsakanin digiri ɗaya da uku, kuma kusurwar gaba da ta baya su yi daidai da juna. Idan suka bambanta, za a ji motar tana karkarwa a wani takamaiman gudu, a yi ta sauya taya a banza. Aksul ɗin baya ma yakan buƙaci sauyi: masu Datsun sukan bar samfurin R180 su koma R200 mai ƙwari, wasu kuma su sa Ford 8.8. Ya fi kyau ya zama irin wanda ke raba ƙarfi ga tayoyin biyu, in ba haka ba taya ɗaya ce za ta riƙa juyawa a wuri guda tana hayaƙi.

Mai, ruwa da waya

Kafireto yana aiki da matsin mai ƙasa da rabin bar (ma'aunin matsi), injin LS kuwa bar huɗu yake so. Tsofaffin robobin mai ba za su jure ba, kuma idan ɗaya ta fashe kusa da salansa gobara ce. Ana sauya layin gaba ɗaya daga tanki zuwa inji, a sa famfo mai ba da lita 255 a awa, wanda ke wadatar da yawancin irin waɗannan ayyuka. Tsohon tanki ba shi da shinge a ciki, saboda haka ana ƙara ƙaramin tanki na lita ɗaya zuwa biyu da famfo ke sha daga gare shi, don kada mai ya yanke a kwana. Girman nozul ma lissafi ne: inji mara turbo mai ƙarfin doki 400 da silinda takwas yana buƙatar nozul mai fesa kusan cc 330 a minti, idan ana so kada ya wuce kashi 80 cikin ɗari na iyakarsa.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da aka ƙona ruwa ne ke kwashe shi, don haka ninka ƙarfi na nufin ninka aikin lagireto. Babban lagireto na alminiyam yana taimakawa, amma sai an toshe giɓin da ke gefensa, domin iska tana bin hanya mai sauƙi ta zagaye shi. Fanka kuma ta kasance da rufi mai mamaye fuskar lagireton duka. Injin LS yana da siraran bututun tururi a saman kawunan silinda. Dole a haɗa su da saman lagireto. Wanda ya toshe su zai tara iska a cikin kai, wuri ɗaya ya yi zafi alhali agogo yana nuna lafiya lau.

Wayarin shi ke tsayar da aiki watanni. Injinan motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da tsarin gano matsala na OBD-II, kuma kwamfutar da yawansu tana neman sigina daga makullin motar da aka ciro su; in ba a goge wannan kariya ba, injin zai tashi ya mutu nan take. Ana iya gyara kwamfutar asali ko a sayi mai zaman kanta irin Haltech ko Holley. Yawancin matsalolin da ake ɗora wa kwamfuta kuwa rashin as mai kyau ne, wato haɗin lantarki da ƙarfen mota. A sa kakkaurar waya daga batir zuwa inji, wata daga inji zuwa bodi, a kankare fenti har ƙarfe ya fito.

Ranar tayarwa ta farko, a cire filogi, a juya injin da kiksita har agogon matsin baƙin mai ya motsa, sannan a mayar a tayar. Abin da ake nema shi ne kusan bar 0.7 ga kowane juyi dubu a minti bayan injin ya yi zafi.

Ƙara ƙarfi ba tare da sauya inji ba

Wasu sukan bar injin asali su ƙara masa numfashi: faɗaɗa hanyoyin iska a kan silinda, sandar bawul mai buɗewa da yawa, kafireto na Weber, da buɗaɗɗen salansa. Turbo ya fi ba da riba. Matsin rabin bar yana iya ƙara kusan kashi arba'in cikin ɗari. Haɗarinsa shi ne fashewar mai kafin lokaci a cikin silinda, wanda ke fasa fistin cikin daƙiƙoƙi. Maganinsa mai mai inganci, na'urar sanyaya iska, ja da lokacin wuta baya, da cakuɗa mai wadatar fetur: kusan kashi 11.5 zuwa 12 na iska ga kashi ɗaya na mai idan an danne totur, maimakon 14.7 na tafiyar yau da kullum. Wannan saiti a kan na'urar gwajin ƙarfi ake yin sa, ba da kunne ba.

Birki da ƙafafu

Motar da ke gudun kilomita 140 a awa tana ɗauke da kusan ninki biyu na ƙarfin motsin da take da shi a kilomita 100, kuma birki ne zai mai da shi zafi. Ana sa manyan faifai masu huda iska a gaba, a sauya birkin ganga na baya, sannan a daidaita rabon matsi don kada baya ya riga gaba kamawa. Man birki DOT 3 yana tafasa a digiri 205, DOT 4 a 230, DOT 5.1 a 260, kuma duk suna shan danshi su yi rauni, sai ana sauya su. Sifirin da shokazoba a zaɓe su bayan an auna nauyin kowace taya da sabon injin a ciki.

Doka da darajar mota

A Amurka, ƙa'idar gaba ɗaya ita ce injin da aka dasa kada ya girmi motar, kuma ya zo da duk kayan tace hayaƙinsa. A Kalifoniya sai jami'in bincike ya duba ya amince, sai dai motocin 1975 zuwa baya ba sa cikin gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci. A Jamus ana kai motar gwaji na musamman wurin masu bincike irin TÜV, kuma injin zamani na iya hana ta lambar H ta motocin tarihi da suka shekara 30. A Birtaniya ana sanar da hukumar rajistar motoci DVLA don a gyara takardar rajistar mota V5C, kuma babban sauyi na iya cire mota daga sassaucin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara (MOT) da ake yi wa masu shekara 40. Kamfanin inshora da ba a gaya masa ba yana iya ƙin biya bayan haɗari.

Masu tara motocin tarihi suna biyan kuɗi mai yawa ga motar da lambar injinta ta dace da takardunta na asali. Saboda haka ga mota mai wuyar samu ana amfani da kujerun inji na ɗaurawa da noti maimakon yanka da walda, a zuba wa tsohon injin mai a cikin silinda, a toshe kafofinsa, a ajiye shi a busasshen wuri tare da giyabos ɗinsa.