Kwamfuta a aji: asalin maganar abin da malami ya kamata ya sani

A shekarar 1986 Lee Shulman, masanin ilimi a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya ce sanin fanni daban, iya koyarwa daban, sannan akwai wani sani na uku a tsakaninsu da malami kaɗai ke da shi. Malamin lissafin da ya daɗe da alli a hannu ya san yara da yawa za su rantse ɗaya bisa huɗu ya fi ɗaya bisa uku girma, don kawai huɗu ya fi uku. Ya kuma san sai ya karya musu rake a gabansu kafin su yarda.

A 2006 Punya Mishra da Matthew Koehler na Jami'ar Jihar Mishigan suka ƙara sanin na'ura a kai, aka wayi gari da ra'ayin da ake kira TPACK. Abin da suke nufi shi ne, iya buɗe kwamfuta bai isa ba. Sai malami ya san wace manhaja ce ta dace da wane darasi, da kuma waɗanne ɗalibai. Mai koyar da siffofi da manhajar lissafi ta GeoGebra yana jan kusurwar alwatika yara suna kallo, jimillar kusurwoyin tana nan a digiri 180. Alli ba ya yin wannan.

Mu a Kamaru ta ɓangaren kaya muka fara. A 2001 aka buɗe ɗakunan kwamfuta na farko a manyan makarantun sakandare na Yawunde, a 2016 kuma aka yi alkawarin kwamfutocin hannu 500,000 ga ɗaliban jami'a. Horar da malamai ne ya riƙa jan ƙafa, ko da yake Marwa ta samu babbar makarantar horon malamai a 2008. Da korona ta rufe makarantu a Maris 2020, darussa suka koma gidan rediyo da talabijin na ƙasa (CRTV) da WhatsApp, nan giɓin ya fito fili.

A 2019 Mishra ya ƙara jaddada sanin muhalli, wato yanayin da malami ke koyarwa a ciki, kuma a ganina nan ne ra'ayin ya fi shafar mu. Malamin Garwa yana koyarwa da Faransanci, yaransa na tunani da Fulatanci ko Hausa, aji cike maƙil, wuta kuma ta dogara da ruwan madatsar Lagdo. Idan rani ya yi tsanani ruwan ya ja baya, sai ya sauke darasin a waya tun da dare, ya kuma tanadi wani shirin na allo da alli.