Jijiyoyin kai a hoton asibiti: me likita ke nema?

Wace jijiya ake nufi?

Bahaushe kalma ɗaya gare shi: mai ɗaukar jini jijiya, mai kai saƙo ma jijiya. A nan ta saƙo ake nufi. Guda 12 ne a dama, 12 a hagu, kusan dukansu daga ƙwaƙwalwa suke fitowa kai tsaye, su ratsa ta ƙananan kafofin da ke gindin ƙoƙon kai. Da su ake sansana, da gani, da juya ido, da tauna, da ji, da haɗiya. Wani Bajamushe, Samuel Sömmerring, shi ya tsara ƙidayarsu haka a 1778.

MRI ko CT, wanne ya fi?

In jijiyar kanta ake son gani, MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da injin maganaɗisu. Wasu ba su wuce kaurin zare ba, sai an yanka hoton siriri, ƙasa da milimita ɗaya, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ya fito fari fat, jijiyar ta ratsa shi kamar baƙin layi. CT kuwa, hoton X-ray da ke nuna jiki yanki-yanki, gwanin ƙashi ne. Wanda ya faɗo daga babur, kunne na jini, fuska ta saki, CT ne zai nuna inda ƙashin gefen kunne ya tsage. Ga shi da sauri. Akan kuma yi allurar gadoliniyam a MRI don ƙari ko kumburi ya haska, ƙoda ce kuwa ke fitar da shi daga jiki, shi ya sa akan tambayi lafiyarta tukuna. Mai ƙarfe a jiki ko na'urar zuciya ya faɗa tun kafin ya shiga, injin maganaɗisu ne.

Baki ya karkace dare ɗaya. Dole ne a yi hoto?

Ba kullum ba. Wannan da a gida akan ce iska ce ta bugi mutum, yawanci jijiya ta 7 ce ta kumbura a cikin matsatsiyar hanyarta ta ƙashi. Likita zai ce ka ɗaga gira, ka runtse ido. Idan goshi ma ya ƙi motsi a ɓangaren, ido ya ƙi rufuwa, matsalar ta jijiyar ce, kuma mafi yawan mutane na warkewa cikin makonni, musamman in an fara magani a kwana ukun farko. Idan goshi na motsi amma baki ya faɗi, ga hannu ya yi nauyi ko magana ta sarƙe, to shanyewar ɓarin jiki ake tsoro, hoto nan take. Haka in karkacewar a hankali take ƙaruwa, ko ta dawo, ko an kai wata uku babu sauƙi. A ganina kuɗin da ake zubarwa a hoton ranar farko, da ma a maganin ɗiga wa idon da ba ya rufuwa aka sa su.

Ciwon fuska mai fizga kamar wutar lantarki fa?

Jijiya ta 5 ke nan. Goge haƙori ko iskar fanka kaɗai kan tayar da shi, har wasu kan cire haƙori mai lafiya a banza. Sau da yawa MRI kan nuna jijiyar jini ta jingina da ita a daidai tushenta. Amma ana ganin irin wannan jinginar ga masu lafiya ƙalau, don haka sai hoto ya yi daidai da labarin majinyaci.

Yaushe ne abin gaggawa?

Fatar ido ta faɗo, mutum na ganin abu bibbiyu, tsakiyar baƙin idon ta buɗe, ga ciwon kai. Mai yiwuwa jijiyar jini ce ta kumbura kamar balan-balan tana danne jijiya ta 3, kuma tana iya fashewa. A ranar nan take za a yi hoton jijiyoyin jini. Kunne ɗaya da ke ta raguwa da ji, da ƙara a ciki, wannan ba na gudu ba ne, amma yana son MRI, don ƙari kan tsiro a jijiya ta 8.

Muryata ta dushe, me ya sa aka ce a haɗa da ƙirji?

Saboda jijiya hanya ce, sai an bi ta har ƙarshe. Reshen jijiya ta 10 mai motsa maƙogwaro, a ɓangaren hagu, sai ya gangara cikin ƙirji, ya zagaya ƙarƙashin babbar jijiyar jinin da ta fito daga zuciya, sannan ya hauro wuya. Ƙari a huhun hagu na iya shaƙe murya alhali ƙwaƙwalwa lafiya lau. Shi ya sa takardar da aka rubuta wa mai hoto "a duba kai" kawai kan dawo da sakamako mai kyau, ciwon kuwa yana ƙasan ƙashin wuya.