Sake fasalin kwantiragin ɗan wasa a gasar NFL

Sake fasalin kwantiragi wata dabara ce ta lissafi da ƙungiyoyin gasar NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga, ke amfani da ita domin rage abin da za a rubuta musu na albashin wani babban ɗan wasa a wannan shekarar, su tura ragowar zuwa shekaru masu zuwa. Mutane da yawa in sun ji labarin an sake fasalin kwantiragin wane sai su ɗauka an rage masa albashi ne ko shi ne ya yafe don kishin kulob, to galibi ba haka ba ne, kuɗinsa na nan cif, sau da yawa ma da wuri yake karɓa. Abin da ya canza kawai shi ne shekarar da kuɗin zai bayyana a littafin gasar.

Tushen maganar ita ce iyakar albashi. NFL na da ƙungiyoyi 32, kuma tun 1994 aka sa musu adadi guda da babu wadda za ta wuce wajen biyan 'yan wasanta a shekara. A 1994 ɗin dala miliyan 34.6 ne. Ya yi ta hawa har ya kai miliyan 198.2 a 2020, sai korona ta hana 'yan kallo shiga fili ya sauko miliyan 182.5 a 2021, daga nan ya sake tashi zuwa miliyan 255.4 a 2024 da miliyan 279.2 a 2025. Adadin yana bin kuɗin shigar gasar ne, musamman na talabijin, bisa yarjejeniyar da masu kulob-kulob suka ƙulla da ƙungiyar 'yan wasa a 2020. A tsakiyar watan Maris sabuwar shekarar gasar ke farawa, kuma dole kowace ƙungiya ta kasance ƙasa da iyakar a ranar, shi ya sa Fabrairu da Maris ne kakar wannan aiki.

Yadda ake yi kuwa, albashin shekara ana lissafa shi gaba ɗaya a shekarar da aka biya, amma kuɗin sa hannu, wato dunƙulallen kuɗin da ake bayarwa lokacin sa hannu a kwantiragi, ko da an damƙa wa ɗan wasa shi duka yau, a littafi ana raba shi daidai kan shekarun kwantiragin, iyaka shekara 5. To nan ƙofar take. A ce ɗan wasa zai karɓi miliyan 22 bana kuma saura shekara 4 kwantiraginsa ya ƙare, sai kulob ya ɗauki miliyan 20 daga ciki ya sauya masa suna ya koma kuɗin sa hannu, a bar miliyan 2 a matsayin albashi (dole a bar wani abu, don akwai mafi ƙarancin albashi da doka ta tsaida). Miliyan 20 ɗin nan an raba ta huɗu, biyar-biyar. Bana za a rubuta wa kulob 7 maimakon 22, ya samu sararin miliyan 15 ya sayo wasu 'yan wasa, amma fa kowace shekara cikin ukun da ke tafe an ɗora mata ƙarin miliyan 5. Kamar wanda ya yi kwasar farko ne a adashi, kuɗi sun zo hannu amma zubi na jiransa har ƙarshe.

Akwai kuma shekarun bogi, waɗanda ake liƙa wa a ƙarshen kwantiragi alhali kowa ya san ɗan wasan ba zai buga su ba, amfaninsu kawai a samu inda za a baza lissafi ya kai shekara biyar. Ranar da kwantiragin ya mutu, duk abin da aka ajiye a waɗannan shekaru sai ya faɗo lokaci ɗaya. Haka ƙungiyar Tampa Bay ta yi da Tom Brady, ta ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, da shi a Fabrairun 2021, da ya yi ritaya kuma ta ɗauki kusan miliyan 35 a littafinta na 2023 ba tare da ya taka fili ba.

Irin wannan kuɗi shi ake kira mataccen kuɗi, wato lissafin ɗan wasan da ya riga ya bar ƙungiya. In aka sallami mutum ko aka sayar da shi, ragowar kuɗin sa hannunsa da ba a gama rabawa ba duk yana haɗuwa ya hau kan shekarar, sai dai in bayan 1 ga Yuni ne, nan ana iya raba shi shekara biyu. Atlanta ta ɗauki miliyan 40.5 lokacin da ta tura Matt Ryan Indianapolis a 2022, sannan Denver ta sallami Russell Wilson a Maris 2024 ta ɗauki miliyan 85, ta raba shi kan 2024 da 2025.

Dabarar tsohuwa ce. A 1995 Dallas Cowboys ta ɗauko Deion Sanders kan miliyan 35 na shekara 7, kusan miliyan 13 daga ciki kuɗin sa hannu ne, albashin shekarun farko kuma aka danne shi ƙasa sosai, abin ya jawo rigima da hukumar gasar har aka kafa sabuwar ƙa'ida a kansa. A wannan zamani New Orleans Saints ce ta fi suna da wannan hali, shekara da shekaru tana shiga watan Fabrairu ta haura iyaka da miliyoyi masu yawa, ta sake fasalin kwantiragin manyanta ta sauko, badi a maimaita.

Ni a ganina dabarar ba ta da laifi in an yi ta kan mutumin da ya dace. Dubi Patrick Mahomes na Kansas City Chiefs, a Yulin 2020 ya sa hannu kan ƙarin shekara 10 na miliyan 450, kuma tun daga 2021 kulob ɗin ke komawa kan kwantiragin nan yana juya kuɗi don samun sarari, suka ci kofi a Fabrairun 2023 da na 2024. Yaro ne lokacin, yana kan ganiyarsa, ba wanda ke tunanin rabuwa da shi, iyakar albashin ma galibi hawa take don haka miliyan 5 ta badi ba ta kai ta bana nauyi ba. Amma Cleveland Browns da ta ba Deshaun Watson miliyan 230 na shekara 5 a 2022, duka da garanti, ta sha sake fasalin kwantiragin, shi kuma ga dakatarwar wasa 11 a shekarar farko ga raunuka a jere, duk juyin da aka yi sai ya ƙara ɗaure kulob ɗin da shi, don sallamarsa ta koma abin da littafi ba zai iya ɗauka ba. Wannan kam abin takaici ne ga magoya baya, su da ba su sa hannu a komai ba.

Masu bin ƙwallon Turai za su gane wani ɓangare na abin. A 2023 Chelsea ta riƙa ba sabbin 'yan wasa irin su Enzo Fernandez kwantiragin sama da shekara 8 don ta baza kuɗin sayensu a littafi, sai UEFA ta taƙaita rabon zuwa shekara 5 a wannan shekarar. Bambancin shi ne a NFL adadi ɗaya ne kan kowa, mai kuɗi da mara kuɗi, sai dai mai kulob ɗin da ke da tsabar kuɗi a hannu shi ya fi iya wannan juyi, tunda kuɗin sa hannu ba a jira ƙarshen kaka kafin a fara biyansa.