Katun ɗin da ake kwashewa daga intanet, yadda aka zo nan

A watan Agusta na 2022 ne masu kallon HBO Max, manhajar kallon fina-finai ta intanet, suka wayi gari sukaga shirye-shirye sama da 30 sunyi ɓatan dabo, akasarinsu katun ne, harda Infinity Train da Summer Camp Island, aka haɗa da kusan kashi 200 na tsohon Sesame Street. Ba gobara akayi ba kuma ba kwamfuta ce ta lalace ba, kamfanin ne da kansa ya kwashe bayan haɗewar WarnerMedia da Discovery a watan Afrilu na shekarar, wai don rage kuɗin da ake biyan masu haƙƙi. Owen Dennis wanda ya ƙirƙiro Infinity Train ya fito yace ko sanar dasu ba'ayi ba. Wallahi wannan yana min ciwo, mutum ya shekara da shekaru yana zane hoto bayan hoto sannan a share aikin dare ɗaya.

Ɓatan shirin talabijin dai ba yau aka fara ba. A da matsalar faifai ne, faifan fim na zamanin farko da akeyi da sinadarin naitiret yana kamawa da wuta da kansa in yaji zafi, ko a 1965 gobara ta cinye rumbun kamfanin fina-finai na MGM. Da kaset ya shigo kuma tsada gareshi, sai tashoshi suke goge tsohon shiri su ɗora sabo akai, haka BBC tayi ta yi har cikin shekarun 1970, shi yasa shirinta Doctor Who ya rasa kashi da dama. To kunsan inda aka tsinto wasu? Jos. A 2013 wani Bature Philip Morris ya samo kashi 9 da aka ɗauka sun tafi har abada a ajiye a wata tashar talabijin can, kwafin da aka turo Najeriya tun da daɗewa aka manta dashi akan kanta. Wasu daga waɗanda ba'a samu hotonsu ba kuwa, sautin da masoya suka naɗa a gidajensu lokacin da ake haskawa shi aka ɗauka aka zana katun akai, aka maido da labarin.

Kaga kenan abinda ya ceci waɗannan shine kwafi ya watsu a hannun mutane da yawa. Nan ne nake ganin zamanin kallo ta manhaja yafi na da haɗari, don lokacin kaset da DVD ko kamfani ya rufe akwai wanda yake da nashi a durowa, yanzu kuwa kana biyan kuɗin wata ne kawai baka mallaki komai ba, fayil ɗin yana nan lafiya lau a rumbunsu amma an kulle. Katun ɗin Final Space ma a 2022 haka akayi masa, mai shi Olan Rogers yace an sakashi cikin asara ne don samun sauƙin haraji.

Masu ƙoƙarin adanawa suna nan. Rumbun adana na intanet Internet Archive da Brewster Kahle ya kafa a 1996 cike yake da abubuwan da mutane suka kwafo daga tsofaffin kaset, ƴan shafin Lost Media Wiki kuma su farautar ɓatattun shirye-shirye suke, sune suka dinga cigiyar wani ɗan guntun katun na Sesame Street na 1975 mai suna Cracks har ya fito a 2013. Amma fa hannunsu a ɗaure yake, haƙƙin mallaka na kamfani ne, takarda ɗaya lauya zai turo a sauke.

Kuma kwashewar bata tsaya ba, a watan Maris na 2025 aka cire tsofaffin Looney Tunes gaba ɗaya daga Max (sunan HBO Max a lokacin), sai daga baya manhajar Tubi ta ɗauka. Shi kuwa Infinity Train zango 4 gareshi, biyun farko ne kaɗai suka taɓa fitowa a DVD.