Kwatanta Lokaci a Jimlar Turanci

Kalmomin kwatanta lokaci a Turanci su ne waɗanda ke nuna abin da ya riga wani faruwa, ko ya biyo bayansa, ko ya fi shi daɗewa. Hausa da aikatau take wannan aiki, kamar a ce "ya riga ni zuwa" ko "ta fi shi jimawa". Turanci kuwa sifar kalmar yake sauyawa, sannan ya biyo ta da "than".

Gajerun kalmomi suna karɓar ɗafa-ƙeya "-er": "early" ta koma "earlier", "late" ta koma "later", haka ma "sooner" da "longer". Irin su "recently" kuma "more" ake sa musu a gaba. Ba a haɗa hanyoyin biyu, don haka "more earlier" kuskure ne. Yawan rikita "than" da "then" yana da dalili, domin asalinsu kalma ɗaya ce a tsohon Turanci, sai wajen shekarar 1700 rubutunsu ya rabu sosai.

Inda aka fi tuntuɓe, kuma nan ne ya fi cancantar a tsaya, shi ne wurin da ake fara ƙirga lokacin. "Ago" daga yanzu take ƙirgawa zuwa baya: "She left two days ago" na nufin shekaranjiya ta tafi. Amma idan labarin ya riga ya shiga wani lokaci da ya wuce, sai "earlier" ko "before" su karɓi aikin: "When I arrived, she had left two days earlier." Kwana biyun nan daga ranar isowata ake lissafa su, ba daga yau ba. Haka abin yake ta gaba: "in two days" jibi ke nan, "two days later" kuwa kwana biyu ne bayan abin da ake ba da labarinsa. Wanda ya musanya su ya sauya ranar da yake nufi, ko da jimlar ta yi daɗin ji.

Akwai kuma "no sooner", mai ma'anar "ko da... sai". Da "than" take tafiya, ba "when" ba, kuma idan ta buɗe jimla, mataimakin aikatau (irin su "had") yana riga mai aikin (irin su "we") zuwa: "No sooner had we sat down than the lights went out." 'Yan uwanta "hardly" da "scarcely" su ne ke ɗaukar "when".