Kuɗin Gwamnatin Tarayyar Amurka na Gyaran Tushen Koguna Bayan Gobarar Daji

Tushen kogi shi ne duk faɗin ƙasar da ke tara wa kogi ruwa: duwatsu, gangare, kwazazzabai da ƙananan rafukan da ke zuba a cikinsa. A yammacin Amurka garuruwa da yawa daga dazuzzukan kan duwatsu suke samun ruwan sha, don haka idan gobara ta cinye dajin, sai gwamnatin tarayya ta fitar da kuɗin agajin gaggawa domin a tare ƙasa kafin ruwan sama ya kwashe ta zuwa cikin koguna da madatsun ruwa. Kuɗin ba daga aljihu ɗaya suke fitowa ba. Hukumomi dabam-dabam ne ke riƙe da su, kuma abin da ke raba musu aiki shi ne wanda ya mallaki ƙasar da ta ƙone.

Abin da wuta ke yi wa ƙasa

Sau da yawa ɓarnar da ta fi tsanani tana zuwa ne bayan an kashe wutar. A daji mai lafiya, ganyen da ya zuba da ciyayi da saiwoyi su ne ke riƙe ruwan sama har ya nutse a hankali. Wuta mai zafi tana cinye wannan shimfiɗa ƙurmus. Haka kuma tana narkar da wani maiƙo da ke jikin ganye da itace, ya shige cikin ƙasa ya daskare kamar kakin zuma. Masu bincike kan kankare toka su ɗiga ruwa a wurin, sai a ga ɗigon ya tsaya ya dunƙule, ya ƙi shiga. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a kan irin wannan gangare, ko da na rabin awa ne, sai ya gangaro gaba ɗaya da toka da laka da duwatsu da kututtukan itace. Haka ta faru a Montecito ta jihar Kalifoniya ranar 9 ga Janairu, 2018, makonni kaɗan bayan gobarar Thomas, inda malalar laka ta kashe mutum 23.

Ko ba a rasa rai ba, ruwan sha yana lalacewa. Bayan gobarar Buffalo Creek ta 1996 da ta Hayman ta 2002 a Kolorado, laka ta cika wani ɓangare na madatsar Strontia Springs, hukumar ruwan birnin Denver kuma ta kashe sama da dala miliyan 27 wajen yashe ta da gyaran ingancin ruwa da sauran ayyuka.

Hanyoyin da kuɗin ke bi

A ƙasar gwamnatin tarayya, shirin agajin gaggawa na wuraren da suka ƙone, wanda ake kira BAER, shi ne ke fara shiga. Hukumar Kula da Gandun Daji da hukumomin Ma'aikatar Cikin Gida kan tura ayarin masana ƙasa da ruwa da injiniyoyi, wani lokaci tun wutar ba ta gama mutuwa ba, su zana taswirar inda ƙuna ta fi tsanani. Aikin na gaggawa ne, ana so a gama shi cikin shekara guda da shawo kan gobarar.

Idan ƙasar ta mutane ce, ko ta jiha, ko ta ƙabilun asali, sai a koma ga Shirin Kare Tushen Ruwa na Gaggawa, wanda hukumar kare albarkatun ƙasa (NRCS) ta Ma'aikatar Noma ke gudanarwa bisa dokokin 1950 da 1978. Ba sai shugaban ƙasa ya ayyana bala'i ba kafin a yi amfani da shi. Sai dai manomi ba ya nema da kansa. Dole a samu wata hukuma, kamar gunduma ko majalisar gari, ta tsaya masa. Gwamnatin tarayya na biyan har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin aiki, ko kashi 90 a yankunan marasa ƙarfi, mai tsayawar ya cika sauran. A nan ne gizo ke saƙa. Gundumar da gobara ta riga ta durƙusar, ita ce kuma ake jira ta kawo kashi 25 na aikin miliyoyin daloli. Ga shi kuma asusun shirin ya dogara ne kan abin da Majalisar Dokoki ta ware lokaci zuwa lokaci, kamar dala miliyan 300 da dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ba shi.

Hukumar agajin gaggawa ta FEMA ma tana da nata kason, musamman tallafin rage haɗari bayan gobara da dokar 2018 ta tabbatar.

Shi aikin kansa ba wani abin ƙawa ba ne. Jirage masu saukar ungulu kan zubo karan alkama ko ɓarzajjen itace a kan gangare don su rufe ƙasa. A faɗaɗa kwalbatoci, a haƙa ramukan tare laka, a kwantar da kututtuka a gicciye, a girke na'urorin auna ruwan sama don yi wa mutanen da ke zaune a ƙasan gangaren gargaɗi. Bincike ya nuna rufe ƙasa da kara ya fi watsa irin ciyawa amfani a shekarar farko, domin ruwa kan riga irin tsirowa. Shi ma karan, idan ba a tace shi ba, yakan kawo irin baƙin ciyayi da za su zama wata matsalar.

Gobarar Hermits Peak da Calf Canyon

Wannan gobara ta arewacin jihar New Mexico ta fita daban, domin gwamnati ce ta kunna ta. Ranar 6 ga Afrilu, 2022, wutar da Hukumar Gandun Daji ta sa da gangan don rage busasshen itace ta ƙwace wa ma'aikata. Wata kuma, ta tarin itacen da aka ƙona tun watan Janairu, ta yi ta ci a ƙarƙashin ƙasa har ta farfaɗo a watan Afrilu. Biyun suka haɗe suka cinye sama da eka 340,000, gobara mafi girma a tarihin jihar.

Cikin wuraren da suka ƙone har da tushen kogin Gallinas, wanda ke shayar da garin Las Vegas na New Mexico, mai mutum kimanin 13,000 (ba Las Vegas ta jihar Nevada ba). Da damina ta sauka a watan Yuli, kogin ya koma baƙi da toka, matatar ruwan garin ta kasa tace shi. A watan Agusta sauran ruwan da ke madatsa bai kai na wata guda ba. Aka taƙaita amfani da ruwa, gidajen abinci suka koma farantan takarda don kada a yi wanke-wanke.

A ƙauyukan gundumomin Mora da San Miguel kuwa, laka ta cike tsofaffin hanyoyin ban-ruwa da ake kira asekiya, kalmar da ta shiga Sifaniyanci daga Larabci, wato saƙiya. Jama'a ne ke haƙa su, su yashe su da gayya kowace shekara, ƙarƙashin wani mai rabon ruwa da suka zaɓa. Wanda ya san noman rani ya san abin da toshewar hanyar ruwa ke nufi ga mai ƙaramar gona.

A watan Satumba na 2022 Majalisar Dokoki ta yi doka ta musamman ta biyan diyya, ta ware dala biliyan 2.5, ta ƙara biliyan 1.45 a watan Disamba, aka danƙa rabon a hannun FEMA. Daga ciki an keɓe dala miliyan 140 don matatar ruwan Las Vegas. Kuɗin masu yawa ne, amma jinkirin biya ya jawo ƙorafi da ƙararraki a kotu, kuma ƙorafin yana da tushe: takardun neman diyya na ɗaukar watanni, damina kuwa kowace shekara tana zuwa a kan lokacinta. A watan Yuni na 2024 wata ambaliya ta sake gangarowa daga wurin da ya ƙone, ta gurɓata ruwan garin, har aka riƙa kawo ruwa a tankoki, shekara biyu bayan wutar ta mutu.