Wayar haɗa na'urorin sauti na gida

Wayar haɗi ita ce gajeriyar wayar da ke ɗaukar siginar sauti daga wata na'ura zuwa wata a cikin kayan sauraren kiɗa na gida, misali daga na'urar CD ko garmaho zuwa amfilifaya. Ta bambanta da wayar lasifika. Wayar lasifika tana ɗaukar wuta mai yawa domin ta motsa lasifika, shi ya sa ake son ta da kauri. Ita kuwa wayar haɗi sigina ce mara nauyi take ɗauka: na'urar CD takan fitar da kimanin bolt 2 idan sauti ya kai ƙololuwa, allurar garmaho kuwa milibolt 3 zuwa 5 kacal. Saboda haka aikinta shi ne ta isar da wannan 'yar siginar ba tare da ta kwaso hayaniya a hanya ba, ba kuma tare da ta rage sirin sauti ba.

Iri biyu

Mafi yawa a gidaje ita ce mai kan RCA, wadda kamfanin Radio Corporation of America na Amurka ya ƙirƙiro a shekarun 1930 domin haɗa garmaho da rediyo. Tana da silin waya guda a tsakiya, sai roba, sai ragar jan ƙarfe da ta kewaye su. Ragar aiki biyu take yi: ita ce garkuwa mai tare hayaniya, ita ce kuma hanyar da sigina ke komawa. Jan kai na ɓangaren dama ne, fari ko baƙi na hagu. Akwai aibi a ƙirar tun asali: tsinken tsakiya yana riga zoben waje taɓawa, don haka duk wanda ya cusa ta amfilifaya na kunne zai ji wata ƙara mai ƙarfi da ke iya lalata lasifika. A kashe amfilifaya kafin a cire ko a saka.

Ta biyu ita ce mai kan XLR, wadda ta samo asali daga kamfanin Cannon na Los Angeles, kuma ita ake gani a gidajen rediyo da ɗakunan ɗaukar sauti. Tsinke uku gare ta: na 1 na garkuwa, na 2 da na 3 na sigina. Wayoyin sigina biyun a murɗe suke da juna, duk hayaniyar da ta shiga ɗaya ta shiga ɗayar daidai wa daida, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kaɗai take ɗauka, sai hayaniyar ta kashe kanta. Da wannan dabarar ake jan waya mita 50 ko 100 ba matsala. Amma sai na'urorin biyu duk an gina su a kan wannan tsari. Sa mahaɗin da ke mai da RCA zuwa XLR ba ya kawo wannan fa'ida.

Riƙe caji

Daga cikin sifofin waya da ake aunawa, wadda ta fi taɓa abin da kunne ke ji ita ce riƙe caji, abin da masu gyaran rediyo suka sani a jikin kafasito. Silin tsakiya da raga, da roba a tsakaninsu, ɗan ƙaramin kafasito ne mai tsawo. Ana auna shi da fikofarad, kuma wayar kirki takan kasance tsakanin 40 da 100 a kowace mita. Irin robar ce ke yanke hukunci: PVC ta fi riƙewa, foliyetilin da Teflon sun fi ta sauƙi, foliyetilin mai kumfa ta fi su duka.

Wannan riƙon yana haɗuwa da turjiyar mafitar na'ura, wato yadda mafitar ke tare gudun wuta, wadda ake aunawa da om, ya zama matata mai danne sautuka masu siri. Lissafin yana da sauƙi. Na'urar CD mai turjiyar om 100 da waya mita ɗaya mai fikofarad 100 ba za su fara danne komai ba sai wajen megahaz 16, alhali kunnen matashi mai lafiya a kilohaz 20 yake tsayawa. A nan kowace waya mai kyan ƙira ta wadatar. Labari yana sauyawa a wurare biyu.

Na farko shi ne akwatin ƙara murya mara wuta, wanda maɓallin juyawa ne kawai a ciki. Idan maɓallin na om 100,000 ne, turjiyar mafitarsa tana iya kai wa om 25,000. A haɗa shi da waya mita 3 mai jimillar fikofarad 300, sai dannewar ta sauko wajen kilohaz 21, kuma sauti ya fara dushewa tun kafin nan. Maganin shi ne gajeriyar waya, mita ɗaya ko ƙasa, ko maɓalli na om 10,000.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne garmaho mai kan allura irin na maganaɗisu mai motsi, wanda ake yi wa alamar MM. A cikinsa akwai naɗin waya mai yawa, kuma naɗin nan da riƙe cajin waya suna haifar da tudu, wato ƙaruwar ƙarfi a wani mataki na sauti. A kan allura mai milihenri 500, wato ma'aunin naɗin wayar, jimillar fikofarad 200 tana ajiye tudun wajen kilohaz 16. Idan jimillar ta kai 400 sai ya gangaro kusa da kilohaz 11, inda kunne ke jin sa sosai: kuge ya yi kaifi, harafin "s" a bakin mawaƙi ya riƙa tsartuwa, abin da ke sama da nan kuma ya ɓace. Masu ƙera irin wannan kai sukan nemi jimillar fikofarad 100 zuwa 200 tare da om 47,000. A jimillar har da wayar cikin hannun garmaho da mashigar amfilifaya, wadda sau da yawa ita kaɗai ta cinye 100. Abin da ya rage wa wayar haɗi kaɗan ne, shi ya sa ba a son wayar garmaho ta wuce mita ɗaya da 'yan kai.

Gurnani

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne gurnani mai kauri da ke fita ko ba a sa kiɗa ba. Yana bin bugun wutar gida, haz 50, wato bugu 50 a daƙiƙa, a Najeriya da Nijar da Turai, haz 60 a Amurka. Galibi yakan faru ne idan na'urori biyu kowace tana da nata haɗin da ƙasa, kuma akwai ɗan bambancin ƙarfin lantarki tsakaninsu. Sai wuta ta bi ragar wayar RCA, kuma tun da ragar hanyar sigina ce, gurnanin ya shige cikin kiɗa. A nan kaurin raga yana da amfani na zahiri: raga mai saƙa biyu ta fi mai 'yan silla da aka naɗa sama-sama. Ana ciro wayoyi ɗaya bayan ɗaya har a gano mai kawo shi. Sau da yawa wayar eriya ko ta dikoda ce da ke jone da talabijin. Ana jona duka na'urori a soket guda, a ɗaure siririyar wayar ƙasa ta garmaho a dunƙulen da ke bayan amfilifaya, a nisanta wayar haɗi daga wayar wuta da taransifoma. In dole su haɗu, su gitta juna kamar alamar tarawa. Idan ya ƙi, akwai ƙaramin taransifoman raba ƙasa da ake sawa a tsakani. Kada a yanke wayar ƙasa ta filogin wuta don kashe gurnani, domin ita ce ke kare rai idan wuta ta taɓa jikin na'ura.

Kibiyar da ake gani a jikin wasu wayoyi tana da dalili a ƙira guda: inda aka liƙa garkuwa a kai ɗaya kaɗai, wanda ake juyawa wajen na'urar da sigina ke fitowa. Shi kansa jan ƙarfe ba shi da gaba ko baya ga sigina mai kai da komo.

Kasuwar masu tsada

Sayar da waya a matsayin kaya na musamman ya bunƙasa a Amurka: Noel Lee ya kafa Monster Cable a 1979, Ray Kimber ya kafa Kimber Kable a shekarar, William Low kuma ya kafa AudioQuest a 1980. Yau akwai wayar mita ɗaya da ake sayarwa dubban daloli. Ana tallata jan ƙarfe mara iskar oksijin, da wanda aka zuba ta hanyar da Farfesa Atsumi Ohno na Japan ya ƙirƙiro, da azurfa zalla. Gaskiya ne azurfa ta fi jan ƙarfe sauƙin wucewar lantarki da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Sai dai turjiyar silin mita ɗaya wajen kashi ɗaya cikin goma na om take, mashigar amfilifaya kuwa om 10,000 zuwa 47,000. Ribar azurfa a nan ba ta kai abin da kunne zai kama ba. Akwai masu saurare da yawa da ke cewa suna jin bambanci, kuma hanyar tantancewa ita ce gwajin da mai saurare bai san wace waya aka jona ba, an kuma daidaita ƙarfin murya sosai, domin wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne ke zaɓa.

Inda kuɗi ke sayen abu na gaske shi ne kan waya. Zoben da ke kama soket gam ba tare da ya ɓalle shi ba, da maƙalin da ke riƙe jikin waya don kada nauyi ya faɗa kan liƙi, su ke sa waya ta yi shekaru. Ruwan zinariya da ake shafawa ba don ya fi jan ƙarfe ɗaukar wuta ba ne, don ba ya tsatsa ne, abin da ke da amfani a wuri mai laima. A ɗaya gefen kuma akwai ta jabu: alminiyum da aka shafa wa jan ƙarfe. Idan aka kankare sili da wuƙa aka ga fari a ciki, ita ce. Tana karyewa da wuri, ba ta kuma kama dalma da kyau.

Haɗawa da gwaji

Mai haɗa wayarsa da kansa yakan feƙe robar waje kimanin milimita 15, ya tsefe raga ya murɗe ta gefe guda, ya feƙe silin tsakiya milimita 4, ya shafa wa kowanne dalma tukuna sannan ya liƙa. Dalma mai kuza kashi 63 tana narkewa a digiri 183, ana kuma sa ƙarfen liƙi wajen digiri 350, daƙiƙa biyu ko uku a kowane wuri. In an daɗe, robar ciki ta narke sili ya taɓa raga. Liƙi mai kyau sumul yake yana sheƙi. Wanda ya yi dunƙule-dunƙule shi ke kawo sautin da ke ɗaukewa yana dawowa. A ƙarshe a gwada da mitar auna lantarki: tsinke zuwa tsinke ƙasa da om ɗaya, zobe zuwa zobe haka, tsakanin tsinke da zobe kuwa kada mita ta nuna haɗi, ko da ana lanƙwasa wayar kusa da kai.